Shuɗiyar Takardar Autanmu

Autanmu ne yake ba Inna magani tun tsayinsa bai wuce teburin ɗakinta ba. Ba wanda ya ɗora masa. Baba ya rasu ya bar ta da hawan jini da ƙwayoyi iri-iri a cikin wani tsohon gwangwanin alewa, ni kuwa lokacin ina koyon ɗinki, in na fita da safe sai yamma. Shi ya zauna ya gane wacce ce ta safe, wacce ce ta bayan cin abinci. Inna ba ta yi boko ba, da kama take kiransu: fara, ja, da 'yar mitsitsiya. Zai zuba su a tafin hannunsa ya miƙa mata da kofin ruwa, ta kwashe ta watsa a baki ba tare da ta duba ba, sau da yawa ma tana tsakiyar yi mini faɗa. In za ta fita unguwa sai ta ƙulle na rana a gefen gyalenta. Ina faɗin wannan tun da wuri ne don a riƙe shi, akwai inda za a neme shi.

A layinmu Ɗan Kemis ake ce masa. Yaro ne da ko sabulu aka aike shi saye sai ya tsaya ya karanta bayan kwalin, ya juya ya sake karantawa, ke kuma kina gida ruwan wankinki na hucewa. Na sha zaginsa a kan haka. Da ya samu gurbin karatun haɗa magunguna a jami'a ba wanda ya yi mamaki, Inna cewa ta yi dama can aikinsa yake, takarda kawai za su ba shi. Burinsa ɗaya ne kuma kowa ya san shi: ya tsaya a bayan tagar ba da magani ta babban asibitin da Inna take karɓar nata, a miƙo masa takardar likita, ya miƙa ƙwaya, a karɓa a tafi ba a waiwaya ba. Shi ke nan. Bai taɓa cewa yana son mota ba.

Matsalarsa baki. Autanmu yana da nauyin baki irin wanda in baƙo ya tambaye shi sunansa sai ya ɗan yi tunani. A jarrabawar takarda ba mai kamo shi, amma a tsayar da shi gaban mutum uku sai gumi ya jiƙa masa riga. Shi ya sa a shekararsa ta ƙarshe, da ofishin da ke ba ɗalibai shawarar neman aiki ya buɗe wani darasi na rubutu, ni da bakina na ce ya shiga. An ce darasin yana koya wa ɗalibi ya san kansa, ya san abin da zai ce in an tambaye shi me ya sa yake son aikin da yake nema.

Daga baya na ga ɗakin da idona. Yana ƙarshen wani dogon baranda, kujeru a zagaye babu tebur, fanka na juyi tana ƙara kamar keken ɗinkin da ya kwana biyu bai ga mai ba. Malamar da ke koyarwa doguwa ce mai sanyin murya, irin mutanen da in suna sauraronki sai ki faɗi abin da ba ki yi niyya ba. Tana da tsarinta, kuma ba ta sauya shi. Takarda iri biyu take rabawa. Fara ta waiwaye ce, a cikinta ɗalibi yake rubuta abin da ya faru da shi da gaske a wurin koyon aiki da abin da ya koya daga ciki. Shuɗiya, mai shuɗi kaɗan-kaɗan kamar an wanke ta, ta ƙagaggen labari ce, a nan kowa yana da izinin shara ƙarya son ransa. Dokokinta biyu ne. Ba a sa wa rubutu suna a sama, wai suna yana sa mutum ya yi ado. Kuma ba a cewa "shi" ko "ita", ko a fara ko a shuɗiya "ni" ake cewa, wai "shi" maɓoya ce. A ƙarshen zangon karatu ita da hannunta take ware fararen, ofis ya haɗa su a fayil ya tura wa masu ɗaukar aiki tare da takardun ɗalibi. Shuɗayen suna zama a durowarta.

Gaskiya darasin ya karɓi Auta. Sai ga shi yana zuwa shagona ya zauna a kan buhun ƙyallaye yana karanta mini abin da ya rubuta, ina taka keke ina ji. Ya rubuta yadda ya rasa abin da zai ce wa wani mutum da ya zo karɓar maganin matarsa yana kuka. Ya rubuta yadda yake ji in ya ga rubutun likita kamar kaza ta taka. Har dariya ya fara ba mutane. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina ashe bakin yana nan, ƙofa ce ba a samu ba.

Wata rana ya shigo fuskarsa na sheƙi. Ya ce Malama ta ba su aiki a shuɗiya: kowa ya rubuta abin da ya fi tsoro a sana'arsa, kamar ya riga ya faru. Ya ce da ya karanta nasa a aji, ɗakin ya yi tsit, wata ɗaliba ta fita tana share ido, Malama ta ce tun da ta fara koyarwa ba a taɓa kawo mata irinsa ba.

"Me ka rubuta?" na ce.

"Wai ina wurin koyon aiki, wata tsohuwa ta zo karɓar maganin zuciya. Kwalaye biyu ne iri ɗaya a jere, ɗaya ya ninka ɗaya ƙarfi. Na ba ta mai ƙarfin. Sai da ta tafi na gane."

"Sai ka bi ta."

"A'a. Sai na yi shiru. Ban gaya wa kowa ba, na gyara kwalayen yadda ba za a gane ba. Kullum ina kallon ƙofa ko za ta dawo. Ba ta dawo ba."

Na ɗage ƙafa daga keken. Na ce, "Auta, mutum da hankalinsa ya zauna ya ƙaga wa kansa laifi? Duk ƙaryar da ke duniya ka rasa wadda za ka yi sai wannan?"

Ya yi dariya. "Yaya, labari ne. A shuɗiya yake."

"Baki dai shi ke yanka wuya."

"Wannan ai ba baki ba ne, biro ne," ya ce, ya ɗauki almakashina yana wasa da shi. Na ƙwace abina na ci gaba da ɗinki, amma ranar sai da na farke hannun riga ɗaya na sake.

Ruwa ba ya tsami banza. A ƙarshen zangon mahaifin Malama ya kwanta ciwo a wani gari mai nisa, ta bar komai ta tafi jinya. Lokacin tura fayil ya yi. Akawun ofishin, mutumin kirki ne da ba ya son a ce aiki ya kwana a teburinsa, ya buɗe durowa ya tarar da rubutun kowane ɗalibi a ɗaure wuri guda. Ya ɗauki ɗaurin kowa yadda yake ya ɗora a injin fotokwafi. Injin kuwa bai san shuɗi ba. Abin da ya shiga fari da abin da ya shiga shuɗi duk fari suka fito, ba suna a sama, kowanne ya fara da "ni". Na sauran ɗaliban bai yi ɓarna ba, don wannan ya rubuta ya zama shugaban kamfani, waccan ta rubuta hirarta da kakarta da ta rasu, kowa ya gani ya san wasa ne. Na Autanmu ne kaɗai yake da sunan magani na gaske, da ƙarfinsa, da kamannin kantar da ake jera shi, da ƙarar da ƙofar wurin take yi in an turo ta.

Mu ba mu san komai ba. Babban asibitin ya kira shi intabiyu, Inna ta raba sadaka, ni na ɗinka masa farar riga da hannuna, na zauna a kan wuyan nan har ya tsaya yadda nake so. Ya fita da safe yana ƙamshi. Da la'asar na ɗaga kai na gan shi tsaye a ƙofar shago, rigar ta manne masa a baya.

Da ƙyar na ciro maganar daga bakinsa. Ya ce da farko komai ya tafi daidai, sun tambaye shi ya amsa, har shugaban sashen magani yana gyaɗa kai. Sai can mutumin ya zaro takarda ɗaya daga fayil ya turo masa a hankali, ya ce, "Wannan tsohuwar, ka sake jin labarinta?" Auta ya duba, ya gane rubutunsa, sai dariya ta kuɓuce masa. Dariyar mamaki ce, amma su ba su san haka ba. Abin da suka gani shi ne an tambayi yaro labarin matar da ya ba maganin da zai iya kashe ta, ya yi dariya. Da ya ga fuskokinsu sai tsohon nauyin bakin ya dawo masa gaba ɗaya. Ya ce labari ne. Ya ce shuɗiya ce. Suka dubi farar takardar da ke gabansu, suka dube shi, suka ce zai ji daga gare su.

Abin da ya ji shi ne asibitin ya rubuta wa wurin da ya koyi aiki yana neman bayani. Can aka sauke kwalaye, aka bi takardun watannin da ya yi, aka kira ma'aikata ɗaya bayan ɗaya. Ba a ga komai ba. To, amma labarin da kansa ya ce ba za a ga komai ba, don mai laifin ya gyara kwalayen. Autanmu ya ɗinke ƙaryarsa ta ko'ina, bai bar ko zare ɗaya da za a ja ta warware ba. Ma'aikatan wurin da suke sonsa suka daina ɗaga wayarsa, kuma ban ga laifinsu ba, ya jawo musu bincike suna zaman zamansu.

Malama ta dawo da baƙin mayafi, mahaifin ya rasu. Ranar da ta ji abin da ya faru ta zo gidanmu da kanta. Na yi niyyar wanke ta tas, na ma tsara abin da zan faɗa, amma da na ga idonta sai na kasa. Ta zaro shuɗiyar takardar daga jaka, ta asalin, da alamar jan bironta a gefe inda ta rubuta yabo. Washegari mu uku, ni da ita da Auta, muka tafi asibitin.

Ofishin shugaban ƙarami ne, mai sanyi, da firjin magani yana gurnani a kusurwa. Shi kuma dattijo ne mai furfura a gefen kunne, kuma bai wulaƙanta mu ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Ya saurari Malama har ta gama. Ya karɓi takardar ya ɗaga ta wajen taga, ya ga shuɗin.

"Na yarda da ke, Malama," ya ce. "Na yarda a wannan takardar aka rubuta."

"To, ranka ya daɗe, ai magana ta ƙare," na ce.

"Baiwar Allah, launin takarda yana gaya mini abin da aka ce ya rubuta ne. Ba ya gaya mini daga ina ya ɗebo. Na daɗe a aikin nan. Na ga waɗanda suka yi kuskure suka yi shiru, kuma yadda ya faɗa, haka suke yi. Har da kallon ƙofar."

Malama ta ce ai iyawar ke nan, abin da take koyarwa ke nan, mutum ya shiga cikin tsoronsa ya dube shi don kada ya faɗa masa. Ya gyaɗa kai. Na ce zato dai zunubi ne. Ya ce haka ne, kuma shi bai ce yaron ya aikata ba.

"Amma masu neman gurbin nan suna da yawa," ya ce, "kuma a cikinsu mutum ɗaya ne kawai na ga yana gyara kwalaye. Ko na so in manta ba zan iya ba. Duk ranar da wani abu ya faru a tagar nan, shi zan fara kallo. Ba zan yi masa adalci ba, gara in faɗa muku tun yanzu."

Auta yana zaune yana kallon hannuwansa a kan gwiwa. A baranda Malama ta riƙe hannuna tana ba ni haƙuri, ta ce daga yau za ta sa a buga "ƙagaggen labari" da manyan baƙaƙe a saman kowace shuɗiya. Na ce Allah ya sa ya amfani na baya, mu dai ihu ne bayan hari. Raina ya ɓaci sosai, kuma abin da ya fi ƙona ni shi ne na rasa wanda zan ɗora wa: ita mahaifinta take jinya, akawu aikinsa ya yi, dattijon nan kuma marasa lafiyarsa yake tsarewa.

Mun ɓoye wa Inna, mun ce ba a fitar da sakamako ba. Amma layinmu ba a ɓoye masa abu. Ɗaya daga cikin ma'aikatan da aka yi wa tambayoyi tana da 'yar uwa a bayan gidanmu. Kafin maganar ta iso ƙofarmu ta yi ƙiba: wai Ɗan Kemis ya kashe wata tsohuwa, ya rubuta da hannunsa, jami'a ta rufe. Wata maƙwabciya ta shigo yi wa Inna jaje.

Shi ya yanke shawarar ya karanta mata. Na hana, ya ƙi. Ya ce, "Yaya, in ta ji da kunnenta za ta gane labari ne. Inna ce fa." Da yamma, rana ta faɗo ta taga a kan tabarmarta, ya zauna a gabanta da shuɗiyar takardar. Ya nuna mata launin, ya yi mata bayanin fara da shuɗiya, ta ce to. Sannan ya fara.

Ban taɓa jin rubutun daga farko zuwa ƙarshe ba sai ranar. Da ma ban ji ba. Muryarsa ta sauya, ta yi ƙasa, ba gargada ko ɗaya. "Ta miƙo mini takardar da hannu biyu. Ta ce, ɗana, farar nan ce ta ƙare. Na zuba mata, ba ta duba ba. Ta ƙulle a gefen gyalenta, ta sa mini albarka, ta ja ƙofar ta yi ƙara. Sai da na juya zan mayar da kwalin na ga lambar da ke jikinsa." Ni da na san ƙarya ce, ni da na ga lokacin da ya zo yana murnar ya ƙaga ta, sai da na ji ina son in tashi in bi matar. Ya karanta yadda ya jera kwalayen, yadda ya wanke hannu, yadda ya ci abincin rana tare da sauran yana dariya. Ya kai ƙarshe ya ajiye takardar.

Carbin Inna ya tsaya a hannunta.

"Matar nan," ta ce, "tana da 'ya'ya?"

"Inna, babu wata mata. Ni na ƙirƙire ta."

"To, ya aka yi ka san a gefen gyale ta ƙulle?"

Ya yi ɗan murmushi, yana ganin ya samu hujjar da za ta wanke shi. "Ai ke ce, Inna. Ke na kalla na rubuta. Da na tambayi kaina me na fi tsoro, fuskarki na gani."

Ta dube shi. Ban taɓa ganin ta yi masa irin wannan kallon ba, ba na fushi ba ne, kallo ne irin wanda ake yi wa baƙon da ya yi sallama da muryar ɗan gida.

"Ni ce ka ba, ka yi shiru?"

"A labari, Inna."

"Na ji," ta ce. "Allah ya kyauta." Ta tashi ta ce za ta yi alwala, alhali da sauran lokaci.

Yanzu Auta yana aiki a wani ƙaramin kemis a bakin titi, na wani mutum da bai damu da fayil ba. Yana sayar da maganin ciwon kai da filasta, yana ci gaba da tura takardun neman aiki. Karatun bayan kwali kuwa ya fi na da. Bai ƙara rubuta komai ba, ko saƙon waya in ya wuce layi ɗaya sai ya goge ya kira. Malama takan turo a gaishe shi. Inna kuwa ta kare shi a gaban maƙwabta da bakinta, ta ce ɗanta bai kashe kowa ba, duk mai cewa haka ta bar shi da Allah. Kuma na san har zuciyarta haka take son ta yarda.

Amma ina nan washegarin karatun, na biyo da safe kafin in buɗe shago. Ya ɗauko gwangwanin alewar kamar kullum, ya zuba a tafinsa, fara, ja, da 'yar mitsitsiya, ya miƙa mata da kofin ruwa. Hannunta ya taho, sai ya tsaya. Ta sunkuya tana duba tafin hannunsa. Ta sa yatsa ta juya farar.

"Wannan kamar ta fi ta jiya girma."

"Ita ce, Inna. Kwali ɗaya ne."

"To," ta ce. Ba ta ɗauka ba. "Ba yayarka ta duba mini."

Ni da ban san bambancin maganin zuciya da na mura ba. Na matsa na kwashe ƙwayoyin daga hannunsa, tafin a jiƙe yake. Na yi kamar ina dubawa, na miƙa mata. Ta karɓa ta watsa a baki ba tare da ta kalla ba, ta sha ruwa, ta fara yi mini faɗa a kan labulen da na ce zan ɗinka mata ban ɗinka ba.

Tun daga ranar ni nake ba ta magani. Kullum da safe yana tsayawa a bayan ƙofarta inda ba za ta gan shi ba, ya zuba mini a hannu, ni kuma in shiga da sallama.